Ranar da aka cire wa matata maƙoƙo

Maƙoƙon matata ya kai girman ƙwaryar fura a shekarar farin nan da ya cinye dabbobin Tasawa, lokacin soja na mulki. Ba ta iya kwanciya rigingine, numfashinta sai ka ce ana zare shi ta cikin kara. Na saka ta mota zuwa Maradi, jandarma suna tsare mu a hanya suna leƙen wuyanta kamar kayan sumoga.

Lokotoron, wato likitan da zai yi aikin, baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ni kuwa aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, aka kore ni, amma na tsinci abin da yake faɗa wa majo, wato babban ma'aikacin jinya. Maganin sa barci ya ƙare, allura kawai za a yi mata a wuya, tana farke za a yanka. Ya ce akwai wata jijiya siririya kamar zare a bayan maƙoƙon, ita ke riƙe da murya. In wuƙa ta taɓa ta, shi ke nan. Don haka dole ta riƙa magana yana saurare, da ya ji muryar ta canza zai janye hannu.

Abin da bai sani ba, tun a gida na gama ɓata masa aiki. Na ja mata kunne cewa kada ta kunyata ni gaban baƙi, kada in ji ko tari. Ita ma haka aka raine ta. Haihuwa shida ta yi, ko maƙwabta ba su taɓa jin nishinta ba.

Ina zaune a baranda majo ya fito hannunsa da jini. Ya ce sun buɗe wuyan, sun yi da ita ta ƙirga, ta ƙi. Lokotoro ya ajiye wuƙa, ya ce ba zai yanka a makance ba, kuma allurar ba ta daɗewa. Suka ɗaura mini ƙyalle a baki suka tsayar da ni wajen kanta, bayan wani labule da ya tare wuyan.

Na ce ta yi magana. Ta dube ni, ta datse haƙora. Na lallashe ta, na yi faɗa, a banza. Ta ɗauka gwada ta nake yi. Lokotoro yana duban agogon bango.

Sai na sunkuya na ce, "Ke, tunkiyar da uwarki ta bar miki ba mutuwa ta yi ba. Ni na kai ta kasuwar Tasawa."

Gaskiya ce, wata biyar ina ɓoye ta.

"Malam, me ka ce?"

Na maimaita. Ta fara, a hankali, ba ta ko ɗaga murya. Ta tuna mini yadda ta riƙa hana cikinta dusa tana ba tunkiyar, da yadda na tsaya gabanta na rantse. Na ji ƙarar ƙarafa bayan labule. Tana tsakiyar kiran sunan Allah a kaina muryar ta dishe, ta koma kamar iska cikin tulu. Lokotoro ya tsaya cak. Ya motsa wani abu, ya yi mini alama da kai. Na ce mata kuma kuɗin tunkiyar, taba na sha da rabinsu. Muryar ta dawo, da kaifinta.

Aka ɗinke, aka kai ta ɗakin mata. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba. Ina kawo kunu, ta karɓa ta juya fuska bango. Ban san ko fushi ne ko jijiyar ce ta tafi ba, kuma tsoro ya hana ni tambayar majo.

A rana ta huɗu ina bakin ƙofa riƙe da kwano na ji tana tambayar matar gadon kusa ko an yi ruwa a wajensu. Muryar tana ɗan karce, amma tata ce. Na shiga, ta gan ni, ta yi shiru.