Man Gyaɗa a Keken Baba

Akwai wata safiyar Asabar a ƙarshen damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, kuma ni irin yarinyar nan ce da in baƙi suka shigo sai in ɗauki littafi in shige ɗaki.

Mahaifina baduku ne. A zauren gidanmu a Ɗan Iya yake aiki da wani tsohon keken ɗinkin fata na takawa, yana ɗinka jakunkuna da takalma da gafakar Alƙur'ani. A daminar nan hawan jini ya kwantar da shi makonni, har hannunsa na dama ya ɗan yi nauyi. Da Allah ya ba shi sauƙi, aikin farko da ya karɓa gafaka ce ta wani malami da ɗansa zai yi sauka.

Sai ɗinki ya ƙi. Wani taku dogo, wani gajere, in ka juya fatar zare ya saki a ƙasa ya yi ƙulle-ƙulle. Ita kuwa fata ba yadi ba ce, duk inda allura ta huda, ramin yana nan har abada. Baba ya canza allura, ya canza zare, ya sake naɗa kwarkwaro. Da ya ɓata jar fata ta biyu, sai na ga ya ɗaga hannun damansa yana kallonsa kamar na wani ne.

"Ba keken ba ne," ya ce wa Umma. "Hannun ne ya tafi."

Bai sake taka shi ba. Ya kira ƙanensa, Baffana da ke Inkil, ya ce ya zo ya ɗauke keken ya ba duk wanda ya ga dama. Yanzu da na girma na gane ba keke yake shirin bayarwa ba, kansa ne. Ya rage cin abinci, ya daina zama a zaure.

Ranar Asabar ɗin Baffa ya iso da mai adaidaita. Ina tsaye a bakin ƙofa, abin ya kwana biyu yana damuna. A ɗakin gwaji na jami'a an koya mana cewa in kana zargin abu, ka cire shi ka ga ko matsalar za ta tafi. Amma wace ce ni da zan yi wa Baba magana a kan fata?

"Baba," na ce, muryata ko ni da ƙyar na ji ta. "Ka taka sau ɗaya, amma kada ka taɓa fatar."

Baffa ya yi dariya. "Au, yau 'yar boko ta yi magana? Yaya, ashe tana da baki!"

"Uwata, me hakan zai yi?" in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"In keken ya ja da kansa ya yi daidai, to hannu ne. In bai yi ba..." Sai na kasa ƙarasawa.

Baba ya zauna, don kada ya kunyata ni kawai. Na saka guntun fata, ya ɗora hannuwansa biyu a cinya, ya taka. Na ciro fatar na miƙa masa. Dogo, gajere, ƙulli a ƙasa, daidai da na gafakar. Baba ya juya guntun nan gaba da baya, ya sake juyawa.

Na durƙusa na fara bin zaren da ido tun daga sama. Wurin wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe biyu da ke matse zare na ga jerin kiyashi suna shiga suna fita. Na sa farce na kankaro wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa, na sansana.

"Baba, ƙanshin ƙuli-ƙuli yake yi."

Daga bayan labule muka ji Umma ta ce, "Innalillahi!" Ta leƙo da ludayi a hannu. "Malam, ai ni ce. Da kana kwance na ga zai yi tsatsa, na shafe shi da man gyaɗa. Injin taliyata haka nake yi masa, bai taɓa ƙorafi ba."

Baffa ya riƙe ciki. "Matar Yaya, saura gishiri da albasa ki soya mana shi!"

Ashe man ne ya daskare, ya haɗu da garin fata, yana riƙe zaren nan yana sakinsa can. Baba da kansa ya kwance faya-fayan. Na lura hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan da yake juya ƙananan kusoshin. Muka wanke su da kananzir, muka goge haƙoran da ke jan fata da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga man keke na gaskiya. Ya yi bismillah, ya riƙe fata da hannu biyu, ya taka. Ɗinki ya fito a jere, kowane taku daidai da ɗan'uwansa, sama da ƙasa.

Ya daɗe bai ɗago kai ba. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ka sallami mai adaidaita," ya ce wa Baffa. Sannan ya juya wajen labule. "Akwai sauran tuwon jiya?"

Gafakar ta isa kafin ranar sauka. Baba ya yi shekaru yana ɗinki bayan nan, kuma har yau in an soya ƙuli-ƙuli a gidanmu sai wani ya tambayi Umma ko ta rage wa keke.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutum in ya sha wahala yakan yi saurin yanke wa kansa hukunci, ya ɗora wa jikinsa laifin da ba nasa ba. Kafin ka ce ka ƙare, ɗauke hannunka ka duba tukuna. Ni kuma na gane kunyata ta kusa sa in yi shiru a ranar da Baba ya fi bukatar in buɗe baki.