Aljihun Da Aka Ɗinke

Hannu-ɗaya ake ce masa, alhali hannuwansa biyu lafiya lau. Tun yana koyon gyaran taransifoma maigidansa ya hore shi: in za ka taɓa waya, hagu ta shiga aljihu, don ko wuta ta ja ka kada ta bi ta ƙirjinka. Sabo turken wawa, hagu ta shiga aljihu ta yi zamanta. A haka yake shan shayi, a haka yake gaida mutane, har surukarsa ta taɓa tambaya ko zinariya yake gadi.

Aikinsa na yawo ne. Yau wannan gari, gobe wancan, ya dawo yana warin man taransifoma, autarsa ta ɓuya bayan uwarta don ba ta gane shi ba. Abin yana ci masa rai. Sai ga sababbin masana'antu a yankinsu, ana neman makanikan lantarki ruwa a jallo, ɗaya ma a bayan layinsu take. In ya samu, kullum a gida zai kwana.

Ranar gwajin ɗaukar aiki matarsa ta ce, "Baban yara, ba za ka je gaban manya hannu a aljihu kamar kai ne mai kamfanin ba." Ashe har ta ɗinke aljihun wandon da zai sa. Bai lura ba, don jakar kayan aiki ce a hagunsa har ya isa.

Injiniyar masana'antar, wata mata marar yawan magana, ta kai shi gaban akwatin wuta, ta ce ya nemo abin da ya lalace. Ya miƙa dama, hagu ta nemi gidanta ta tarar an rufe. Ya tsaya cak. Sai ya sa yatsa ya farke ɗinkin, ƙarar ta cika ɗakin. A ransa ya ce shi ke nan, aiki ya tafi. Da ya ɗago, sai ya ga ita ma hagunta tana cikin aljihun rigar aiki.

"Wa ya ɗinke?" ta tambaya.

"Uwargida, ranki ya daɗe. Wai ladabi."

Ta yi dariya. "Gama gyaran. Gobe ka fara zuwa."

A gida matarsa ta ga ɓarnar, ta soma faɗa. Ya bayyana mata dalili, abin da bai taɓa yi ba duk zamansu. "Ai wannan aljihun shi ke dawo miki da ni."

Ta karɓi wandon. Ta ɗauko allura ta gyara bakin aljihun da zare biyu, ta kuma ƙara masa zurfi.