Ƙashin jaki da mutanen wata

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na kai ƙarar abokina wajen mushe, wato malaminmu.

A shekarun saba'in ne, muna lakwal, makarantar boko, a Dungas, aka naɗa ni shef, wato shugaban aji. Aikina ɗaya: duk wanda ya yi Hausa maimakon Faransanci in rataya masa ƙashin jaki a wuya, wanda aka tashi ƙashin na wuyansa kuma ya sha bulala. Wannan ɗan muƙami ya hau mini kai har ba na ganin kowa da gashi.

Wata rana na yi tuntuɓe a ƙofar aji. Abokina, wanda muke shan fura a ƙwarya ɗaya, ya riƙe ni ya ce, "Sannu." Wallahi ko ƙura ban kakkaɓe ba na rataya masa ƙashin. Ya sha bulala, ya daina yi mini magana.

Bayan kwana uku na ga wani kaye, littafin rubutun abokina, yana yawo ƙarƙashin tebura, yara suna toshe baki. Na fizge. Zane ne na mutanen wata, masu ido uku-uku da ƙafafu kamar muciya, sun sauka cikin faifai a gonar gero suna neman shugaban duniya. Da suka ji babu mai ƙarar jaki, sai suka zube gabansa suna gaisuwa. Jakin kuwa da haƙorina na gaba da ya karye!

Na ruga wajen mushe, burina a kori abokina daga lakwal gaba ɗaya. Mushe ya buɗa yana murtuke fuska, kafin shafi na uku yana share hawayen dariya. Abokina dai yana tsaye.

Mushe ya tambaye ni da Faransanci ko na ga shafin ƙarshe. Ban gani ba. Ya ɗaga wa aji: jaki ya faɗa rijiya, duk sun gudu, sai ɗan mitsitsin mutumin wata ɗaya ya kama jelarsa yana ja. Mushe ya karanta abin da ke bakinsa da ƙarfi: "Sannu, abokina."

Sai ya miƙo mini wuya. "To, shef, ga ni na yi Hausa. Rataya mini."

Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Kunya ta rufe ni, na fashe da kuka gaban kowa.

Da aka tashi abokina ya biyo ni. "Kai, jaki, ka zo mu sha fura ko kuwa?"

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen nan biyu. Na shugabanci mutane da yawa bayan nan, kuma duk lokacin da muryata ta fara tashi, sai in tuna cewa ƙara ba shugabanci ba ce, in waiwaya in nemi wanda ke riƙe da jelata.