Ƙuri'ar Baba

Ranar zaɓe na isa rumfarmu ta Dugabau da kati biyu, nawa da na Baba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

Na ce wa malamin zaɓe, "Wakilinsa ne ni, shi ya aiko ni."

Ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, na'ura yatsansa take nema. Ba a wakilci a zaɓe."

Da na faɗa wa Baba, sai ya ce, "Aure nawa na karɓa wa mutane a garin nan, ba wanda ya ce sai ango ya zo." Ya juya fuskarsa bango.

Bai kai wani zaɓen ba. Allah Ya jiƙansa.

Ku fa, me kuka so ɗauke wa iyayenku ya gagara?