Birkin da Ya Hana Baba Gaisuwa

A shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a hannun mutane, ni ma na sayi mota. Ina koyar da lissafi a wata sakandare sai aka yi ƙarin albashin nan da ya rikita kowa. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset, ni kuwa na je na ɗauko mota 'yar Faransa, fara sol, mai ƙofa huɗu. Ranar da na shigo da ita unguwarmu a Fagge, Inna ta fito har zaure ta leƙa, ta tofa mata addu'a, sannan ta ce ta yi kama da motar asibiti. Ban ji haushi ba, don a ranar ko zagina aka yi dariya zan yi.

Baba bai ce ta yi kyau ba, bai ce ba ta yi ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "To, keke ya huta." Da wannan magana aikin motar ya tabbata. Kullum da safe, kafin in wuce makaranta, sai na kai shi Kwaciri, inda yake karantar da manyan ɗalibai littattafan fiƙihu a wani zaure.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ba a yin ta da sauri, domin ɗaukar malami irin Baba rabinsa gaisuwa ne. Mai shayi ya ɗaga hannu, a rage gudu. Tela ya durƙusa a bakin shagonsa, a rage. Amma tsayawa cak wuri ɗaya ake yi, ƙofar gidan Alhaji, wani dattijo Babarbare mai fataucin kanwa, wanda kakanninsa suka zauna Kano tun ba a san jirgin ƙasa ba. Baba kuwa Bafillace ne, saboda haka wasan Fulani da Barebari shi ne karin kumallonsu. Tun Baba yana wucewa a ƙasa har ya koma keke, fiye da shekara talatin, bai taɓa wuce tabarmar da Alhaji ke zama a kai bai tsaya ba. Alhaji ya ce, "Bawana ya zo gaida ubangidansa." Baba ya ce, "Na zo in duba bawana ne, kar ya gudu ban sani ba." Su yi ta dariya kamar yau suka fara jin maganar, sannan mu wuce.

Abin da Baba bai sani ba shi ne inda motar take zuwa ranar Lahadi. Can bayan Rijiyar Lemo, inda gidaje suka ƙare a lokacin, akwai wani fili na jan marmara da wasu masu son mota suka share, suka jera gangunan mai a kowace kwana, suna tsere a ciki. Akwai ma'aikatan banki, da 'ya'yan Kwarori, Larabawan nan masu kantuna, da Turawan masana'antu biyu ko uku. Wani abokina ya kai ni kallo sau ɗaya, Lahadi ta gaba sai ga ni a layi. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya irin wannan gudun ba. Ni da nake yini ina cewa yara su yi shiru, a can ihu nake yi ni kaɗai a cikin mota. A gida kuwa cewa nake na tafi ganin abokai, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

Matsalata birki ce. Zagaye biyar ake yi. A na farko da na biyu motar tana jin magana, a na uku sai wari ya fara tashi kamar an ƙona tsumma, a na huɗu in taka har ƙasa tana tafiyarta. Wani Bature ya leƙa tayar gaba ya nuna mini fatar birki, wato 'yan ƙarafan nan biyu masu shafe a fuska da ke matse faifan taya. Ya ce wadda motar ta zo da ita mai taushi ce, ta yawon cikin gari, zafi yana kashe ta. Shi yana da kala biyu, yana canzawa duk Asabar. Ni ba zan iya ba. Bakaniken da ke duba mini mota a bayan layinmu yake, bakinsa kuma ba ya riƙe magana, in ya ga ina canza fata duk mako kafin la'asar labari ya kai zauren Baba. Dole fata ɗaya ta yi mini aiki biyu.

Na tafi Sabon Gari wajen wani mai shagon kayan mota, Ibo ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Na ce ya ba ni wadda ta fi kowacce jure zafi. Ya ɗauko wani kwali daga can saman kanta, ya hure shi, amma bai miƙo ba.

"Ticha, wannan ba ta cikin gari ba ce. Sai ta yi zafi take kamawa. Da safe tana sanyi za ta yi maka kuka, kuma sai ka taka da ƙarfi. Akwai wata matsakaiciya..."

Ni mutum ne mai saurin hawa, a lokacin ma abin ya fi haka. Na ce masa ban zo neman darasi ba, darasi ni nake bayarwa. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo, yaransa suka ɗaura mini a nan bakin shago.

Lahadin nan na zo na biyu. Motar tana tsayawa kamar an riƙe ta da igiya, har zagaye na biyar. Na dawo gida ina ta waƙe-waƙe, na ci tuwo malmala uku, Inna tana tambaya ko an ƙara mini girma a wurin aiki.

Litinin aka tashi da ruwa tun asuba. Ya ɗauke wajen ƙarfe bakwai, gari ya yi sanyi, hanya duk taɓo. Baba ya shiga baya da littattafansa. Wajen mai shayi na taɓa birki, ya yi wata ƙara siririya, na yi kamar ban ji ba. Da muka doshi ƙofar Alhaji na taka yadda na saba, a hankali, don kar Baba ya jijjiga. Motar ba ta ko nuna ta ji ba. Na ƙara takawa, ta saki kuka irin na ƙofar langa-langa, tana ta sulalewa. Na ga Alhaji ya yunƙura daga tabarma, hannunsa a sama, bakinsa a buɗe da maganar da ya tanada. Muka wuce shi. Sai bayan gida uku motar ta yarda ta rage, a lokacin kuwa wata babbar mota mai buhunan sukari, da alama Kasuwar Singa za ta, ta manne mini a baya tana danna ham. Komawa baya ba hali. Da na samu gefe na tsaya mun dawo a ƙasa, da magana ta mutu a nan. Kunya da ruɗewa suka sa na ba ta wuta.

A Kwaciri Baba ya kwashi littattafansa ya shige zaure.

Washegari na fara taka birki tun daga nesa, na tsaya daidai ƙofar, amma babu tabarma. Laraba ma haka. Aka ce Alhaji yana ciki, lafiyarsa lau. Wasa wasa ne, amma an bar dattijo da hannu a sama a gaban maƙwabtansa, kuma maganar da ke yawo ita ce gidan Malam sun yi mota sun daina ganin mutane. Ranar Alhamis na fito da safe na tarar Baba ya fito da kekensa yana goge sirdi. Nan na gane ɗauka ya yi da gangan na wuce, girman kai ne ya kama ni. Wannan ya fi mini ciwo a kan ya san gaskiya, ko da gaskiyar za ta raba ni da filin.

Na durƙusa a gaban keken na faɗi komai: filin, gangunan, fatar birki, har gargaɗin mai shago da na ƙi ji. Ina jiran ya ce daga yau an gama. Sai ya jingine keken ya ce, "Kai ni wajen mai shagon."

Rabon Baba da Sabon Gari an daɗe. Mai shagon yana ganin rawani ya fito da sauri ya rusuna, ya goge benci da hannun rigarsa. Baba ya zauna ya sa aka jera masa fatun a gabansa, yana ɗaga kowacce yana juyawa yadda yake duba tsohon littafi. Ya yi ta tambaya. Me ya sa mai taushi take mutuwa da zafi? Mai taurin me take yi wa faifan? Mai shagon ya ce cinye shi take yi a hankali, abin da ban ma sani ba. Da aka zo kan matsakaiciyar, ya ce tana kamawa da sanyin safiya, ba kamar mai taushi ba amma da dama, tana ɗan baƙanta taya, wani lokaci ta ɗan yi tsuwa, zafi kuma tana jure shi zagaye shida ko bakwai. Mai taurin ce ke kai goma sha.

Baba ya juyo. "Ku zagaye nawa kuke yi?"

"Biyar, Baba."

"Kuma kai ne malamin lissafi."

Mai shagon ya juya baya wai yana neman sifana, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

Aka ɗaura matsakaiciyar. Mai shagon ya ce kar in taka ta da ƙarfi sai ta zauna a kan faifai, in yi ta ɗan ragewa ina saki sau da yawa. Baba ya ce wannan ba wuya, akwai mutanen da ya kwana biyu bai gaisa da su ba. Muka bi Fagge lungu-lungu, yana ɗaga hannu ina taɓa birki, har da waɗanda ba su san dalilin wannan karamci ba. A ƙarshe muka tsaya ƙofar Alhaji. Baba ya yi sallama har sau uku kafin Alhaji ya fito, fuska a murtuke. Baba ya zaro tsohuwar fatar mai tauri daga aljihu ya ajiye a gabansa.

"Ga wanda ya wuce ka. Na kamo maka shi."

Alhaji ya ɗauka ya jujjuya. Na sake durƙusawa na maimaita labarin tun daga farko. Da na gama sai ya ce dama ya san ƙarfen da ba ya jin magana sai ya sha wuta dole a hannun Fulani za a same shi. Baba ya yi dariya har da tari. Amma Alhaji ya ce akwai tara: sai an kai shi ya ga filin nan da idonsa.

Haka na isa fili ranar Lahadi da dattawa biyu a baya da tabarma a but ɗin motar. Suka shimfiɗa a gindin wata darbejiya, Turawa suna zuwa suna cire hula suna gaisuwa.  Baba bai ce ya yarda ba, bai ce ya hana ba, na san kuma wannan gudun zai iya zama na ƙarshe. Birkin ya riƙe. A zagaye na biyar na ɗan ji wari, amma duk inda na taka ya amsa. Na zo na uku, wata jar mota ta wuce ni a kwanar ƙarshe.

A hanyar dawowa Alhaji ne kaɗai ke magana, yana cewa duk mahaukata ne amma a ajiye masa wurinsa a gindin bishiyar. Muka sauke shi. Muka ƙarasa ƙofar gida ni da Baba. Na zagayo na buɗe masa, ya sauko, ya gyara babbar rigarsa, ya kama hanyar zaure. Sai ya tsaya.

"Mai jar motar nan ɗan waye?"

Na ce ɗan wani Kwara ne mai shagon yadi.

"Na lura da shi. Kai tun daga gangar farko kake taka birki. Shi sai ya kai ta biyu." Ya cire takalmansa a bakin zaure. "Lahadi mai zuwa ka jira ta biyun."

Ya shige. Na koma cikin motar na rufe ƙofa, na kifa kaina a sitiyari ina dariya, hawaye yana zuba, har Inna ta aiko a tambaya ko lafiya.