Sandar Fatsar Na'Allah

Na'Allah ya shekara goma sha tara a Agege yana zuba wa fatu gishiri, amma bai taɓa zama mutumin tudu ba. Basarke ne, masunci gada da gada, daga Yawuri, cikin jirgi aka yaye shi, yunwar wata shekara ce ta koro shi Legas a bayan motar shanu. Ni Ƙasimu mahauci, ɗakina na jikin nasa, teburina a abatuwa kuma na kallon rumfarsa. Dogo ne, ba ya son magana, ga taurin kai irin wanda zai sa ka ji kamar ka shaƙe mutum. In ruwan sama ya cika unguwa, mu muna zage-zage muna kwashe kaya, shi sai ya tsaya yana kallon inda ruwan ya nufa.

Shekarar da soja suka koma bariki kafaɗarsa ta dama ta lalace. Ɗanyar fatar shanu ba abin wasa ba ce, shi kuwa ya ɗaga dubbai. Ya zama ba ya iya kai hannu kunnensa. Da can yakan tafi rafi ran Lahadi ya jefa birgi, wato ragar nan da ake wurgawa, yanzu ko wannan ta gagara. Ya rame, ya daina cin abin kirki. Ana haka sai ya ce wai ya ji akwai sandar fatsa ta Turawa mara nauyi, wadda ko mai hannu ɗaya zai iya jefawa, zai saya ya koma rafi.

Matarsa Kalsum ce ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Malam Ƙasimu, ba zai ji maganata ba. Mutum da hannu ɗaya a cikin kwale-kwale! Don Allah ka bi shi, ka dawo mini da shi da ransa."

Na ce, "Haba Kalsum, ni fa mutumin Ɗambatta ne, ko kududdufi ban taɓa shiga ba." Sai ta fara hawaye. Ni kuma Allah Ya yi ni da saurin baki, na ce ta kwantar da hankalinta, na ɗauka. Tun daga wannan rana nake da-na-sani.

Muka je kasuwar Jankara wurin wani Bonat, mutumin Kafanchan mai sayar da kayan gwanjo na masu jiragen ruwa. Ya fito da sanduna uku. Ta farko mai kauri ce, ta teku, Na'Allah ya ɗaga ta sai da ya cije leɓe. Ta biyu ya kaɗa ta sau ɗaya ya ajiye. Ta ukun siririya ce, gaɓa biyu ake haɗawa, da ɗan keke mai naɗe zare a gindinta. Ya ɗora ta kan yatsa ta zauna daram. Ya jingina bakinta da dirkar rumfa, ya rufe ido, ya ce in sosa dirkar da farce. Na sosa ina tsaki.

Ya ce, "Na ji ka a tafin hannuna, Sarkin Fawa. Ita ce."

Bonat ya ce, "Baba, ka zaɓa daidai, amma ka ji ni. Wannan ta ƙananan kifi ce. Ka ga wannan maɓallin? Kar ka ɗaure shi, in babba ya kama sai zare ya riƙa tafiya da kansa. Zaren kuma da gangan aka yi shi siriri, don ya tsinke kafin kifi ya ja ka cikin ruwa."

Na'Allah ya yi murmushin da na tsana. Ya ce a garinsu ba a sakar wa kifi zare.

Muna isa gida ya warware siririn zaren nan ya naɗa wani mai kauri irin na gida. Ya sa filaya ya ɗaure maɓallin tamau. Sannan ya yanko tsirkiyar fata ya ɗaura a mariƙin sandar. Na ce wannan fa? Ya ce a wuyan hannu ake ɗaurawa, don abin kunya ne Basarke ya dawo gida ruwa ya ƙwace masa kayan aiki. Na ce, "Yaya Na'Allah, ba haka mutumin nan ya ce ba!" Ya ce mai sayar da gwanjo ne zai koya masa su?

Ran Lahadi da safe muka hau danfo, wato bas ɗin Legas, zuwa Ketu, ɗan acaɓa ya ƙarasa da mu bakin wani rafi, inda wani masunci ya ba mu aron kwale-kwale. Da na gan shi sai na ja da baya. Wallahi teburina ya fi shi faɗi.

Kafin in sa ƙafa Na'Allah ya tare ni. "Sarkin Fawa, wuƙa fa? A gidanmu ƙarfen da ya sha jini ba ya shiga jirgi. Ruwa ba ya so."

Na ce na baro ta gida. Ƙarya nake, tana ƙuguna a ƙarƙashin riga. Tun rikicin ƙabilancin da aka yi a Ketu ban sake fita babu ita ba, balle ranar da ta Ketun muka bi.

Ni ke riƙe da filafili, wai ni ne matuƙi. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi yatsa uku ba, ruwan kuma baƙi ƙirin, ba ka ganin komai a ciki. Ko tari na ji tsoron yi. Duk addu'ar da na sani na karanta ta, wadda ban sani ba ma na ƙirƙira. Shi kuwa gogan naka ya ɗaure tsirkiyar a hannun nan mai ciwo, ya soka tana a ƙugiya, ya kaɗa sandar da wuyan hannu kawai, zare ya tafi fiu. Ya ciro karfasa ɗaya, ya ciro ta biyu. Ya yi dariya har na ga dasashinsa, abin da ban taɓa gani ba a shekarun nan duka.

Wajen hantsi na lura ganyen da ke wuce mu ya juya. Da safe ruwan ciki yake shiga, yanzu ya koma yana gudu wajen babban ruwa, yana jan mu. Na ce, "Yaya, me ke faruwa?" Ya ce haka ruwan Legas yake, shi ma daga gaɓa kawai ya san shi. Jin haka sai na ce mu koma. Ya ce saura jifa ɗaya.

Jifar nan ce. Sandar ta lanƙwashe har bakinta ya nutse. Zaren bai tafi ba, don an ɗaure maɓalli, bai kuma tsinke ba, don ba nata ba ne. Kwale-kwalen ya juya a karkace, ruwa ya fara kwararowa kan ƙafafuna. Filafilin ya suɓuce mini ya tafi. Sai na ji ƙas! daga kafaɗar Na'Allah, ya yi wata ƙara, sandar ta fita daga yatsunsa, ta rage tsirkiyar ce ke jan sa. Ƙirjinsa ya haye bakin jirgi, fuskarsa na taɓa ruwa.

Na cafki wandonsa da hannu ɗaya ina salati da ƙarfi. Da ɗayan na kai wa ƙullin tsirkiyar, ina! Fata in ta jiƙa ba ta kwantuwa, mu biyun nan mun fi kowa sani. Gaba gare mu rafin ya buɗe, ruwa ne iya ganinka. Na tabbata mutuwa ce, har na ji fitsari ya zubo mini.

Yana haki ya ce, "Kar ka taɓa! Yana tasowa, yana tasowa!"

Na zaro wuƙa na datse tsirkiyar. Sandar ta shige ruwa, ko alamarta ba mu sake gani ba. Muka faɗa cikin jirgin ni da shi, na cire hulata ina kwarfar ruwa ina kuka kamar ba magidanci ba. Wasu masu haƙar yashi ne suka hango mu suka jawo mu gaɓa.

Hannunsa na reto, amma ba shi ya kalla ba. Ya kalli abin da ke hannuna ya ce, "Da wuƙa ka shigo."

Na ce, "Da ita na shigo! Ba don ita ba da yanzu gawarka ake nema!"

Ya ce, "Ba don ita ba da ruwa bai yi fushi ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai shi gida na damƙa wa Kalsum. Ta durƙusa tana godiya, shi ya juya fuska bango.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, hannun bai sake aiki ba. Wata bakwai muna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Daga baya ya sallama rumfarsa ya ce Yawuri zai koma. Ni na ɗaukar musu kaya zuwa tashar Iddo, ban jira ya roƙe ni ba. Da mota ta cika, Kalsum ta shiga, sai ya tsaya ya miƙo mini hannun hagu. Na zaci maganar wuƙa zai tayar, har na shirya amsa.

Ya ce, "Na yafe maka, Ƙasimu. Amma saura kaɗan kifin ya fito. Da ka bari na gan shi."