Ranar da Na Kaɗa wa Shanu Ƙararrawa

Likita ne ya ɗora ni a kan keke, ba sha'awa ba. Ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce in dai tafiyata ta yini daga kujerar mota ce zuwa kujerar ofis, to in fara sallama da iyali. Na ji haushi, don shi ma tumbin gare shi. Amma a satin na sayi keke ɗan gwanjo mai ƙatuwar taya da giyar canza gudu, har da hular kwano. Mai ɗakina ta leƙo ta gan ni a cikin hular, ta koma ɗaki tana dariya har da tari.

Da farko a cikin unguwarmu ta Takur a Dutse nake zagayawa, sai tambaya ta ishe ni. Duk wanda ya gan ni sai ya tsayar da ni ya ce lafiya, ina motar. Wani har jaje ya yi mini. Shi ya sa na koma bayan gari. Duk Asabar, da gari ya waye, sai in bi ta bayan duwatsu, in ratsa dabinai da giginyu, in faɗa wani burtali da shanu ke bi zuwa mashaya. Burtalin gangara yake yi a hankali har bakin ƙorama, ba sai na taka feda ba. A ofis ni da takardu ne, a gida ni da baƙi. Nan ne kaɗai wurin da waya ba ta samuna, kuma wallahi na so wurin nan kamar gonata.

Mutum biyu na sani a hanyar. Na farko wani dattijo ne mai gonar gero a daidai inda burtalin ya yi kwana. Ranar da ƙaya ta fasa mini taya, shi ya ajiye fartanya ya tura keken tare da ni har wurin mai faci. Tun daga nan duk Asabar sai na tsaya mun gaisa. Yakan ba ni ruwa a buta, in lokacin gyaɗa ne ya cika mini aljihu. Yallabai yake ce mini, don ya ji a ma'aikatar gwamnati nake, ko da yake aikina bai shafi gona ko kiwo ba. Kusan kullum sai ya yi mini ƙorafin makiyaya, ni kuwa in gyaɗa kai ina cin gyaɗarsa. Ban taɓa gaya masa cewa a ruga aka haife ni ba.

Na biyun Baffana ne, ƙanin mahaifina. Mahaifinmu ya bar kiwo tun ina ƙarami ya sa mu a makaranta, shi kuwa Baffa ya tsaya a kan shanu, rugarsa tana tsallaken tudu, ba nisa da ƙoramar. Da sallah nakan je gaishe shi a mota, da babbar riga. Amma a kan keke, cikin matsattsen wando da hular kwano, kunya ba ta bari in tunkari rugar. Sai in riƙa sammako don in riga shanunsa wucewa.

A daminar farko burtalin yana da faɗi, har wasa nake da kan keke, in yi hagu in yi dama. A damina ta biyu masu gonakin gefe da gefe kowa ya ɗan ƙara kunya ɗaya ko biyu a cikinsa. A kwanar nan ta gonar dattijo, ganyen gero har shafar gwiwar hannuna yake. Na gani sarai. Kuma bari in faɗi gaskiya, daɗi abin ya yi mini. Geron ya fi ni tsawo, inuwa da sanyi ko'ina, raɓa tana jiƙa mini riga. Har hoto na ɗauka na nuna wa abokan aiki ina alfahari, kamar ni na shuka.

Wata Asabar a tsakiyar damina na makara. Na sauka ƙorama na wanke fuska, na juyo zan hau tudu, ina shan kwanar nan sai ga shanu a gabana. Farar saniya ce a gaba, mai manyan ƙahoni, ta ja ta tsaya. Na bayanta ba su ga dalilin tsayawa ba, suka yi ta matsowa. Dama gero, hagu gero, an kuma jera ƙaya a gindinsa. Ko keken ba zan iya juyawa ba sai na ɗaga shi sama. Daga can baya na jiyo muryar Baffa yana yi musu magana.

Na san abin da ake yi. Sauka ake yi, a kwantar da keken, a tsaya cik, a yi wa saniyar magana a hankali har ta yarda ta raɓa ta wuce. Tun kafin in san harafi na san wannan. Amma shekarun da na yi ina danna hon a titin Dutse su suka riga ni zuwa yatsana. Na kaɗa mata ƙararrawa. Har sau biyu.

Saniyar ta zabura ta yi baya, na bayanta suka rasa wurin zuwa, sai uku suka keta ƙaya suka afka gonar dattijo. Ina tsaye riƙe da keke ina jin karan gero yana karyewa. Baffa ya kutso ta tsakanin shanu da sandarsa, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya gama sannan ya dube ni. Ya daɗe yana kallon hular kafin ya gane wanda ke cikinta.

Kafin hantsi muna gindin tsamiya a ƙofar gidan mai unguwa. Ɓarnar ba ta da yawa, kuma Baffa bai yi gardama a kanta ba. Abin da ya kawo shi ne maganar burtalin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hanyar nan iyayenmu sun bi ta da garke biyu a jere. Yau saniya ɗaya sai ta karkata kai. In aka bar ta haka, baɗi ta ina za mu sha ruwa? A mayar mana da ita yadda take."

Dattijo mai gona ya ce, "Ranka ya daɗe, hanya tana nan, ba wanda ya cinye ta. Ga Yallabai nan, ma'aikacin gwamnati ne. Damina biyu ke nan duk Asabar yana bi ta wurin, da idonsa. In da an tauye hanya, ai da ya yi magana. A tambaye shi."

Sai a lokacin na gane cewa duk tsawon lokacin nan mutanen ƙauyen ba su ɗauka motsa jini nake yi ba. Wa zai yarda babban mutum mai mota ya shigo daji a keke don nishaɗi? A wurinsu zagayen duba hanya nake, shirun da nake yi kuwa amincewar hukuma ce.

Mai unguwa ya juyo ya ce, "To Yallabai, kai ne baƙo, ba ka da kowa a cikinsu. Hanya ta isa ko ba ta isa ba?"

Ba ni da kowa a cikinsu! Na dubi Baffa, ina jiran ya ce ai wannan ɗan wana ne. Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sanda, ya bar mini in faɗa da bakina in ina so. In na ce hanya ta ƙuntata, dattijo zai tambaye ni me ya hana ni faɗa tun bara, daga baya kuma a ji ko ni ɗan wane ne, a ce na zo ne in yi wa dangi aiki da rigar gwamnati. In na ce ta isa, na yi wa ƙanin ubana ƙarya a gaban idonsa. Na nemi maganar da ba za ta taɓa kowa ba, na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ina wucewa."

Dattijo ya ce, "Ka ji ko!" Mai unguwa ya gyaɗa kai, ya ce tun da hanya tana biyuwa, a bar maganar sai bayan kaka a duba. Kowa a wurin ya san ma'anar sai bayan kaka. Aka shafa fatiha aka tashi.

Na tura kekena na bi bayan Baffa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga mini sanda kamar yadda yake yi muna yara, da na samu sauƙi. Sai da muka yi nisa da mutane ya tsaya, ya tambayi lafiyar iyali da yara, kowa da sunansa. Sannan ya ce, "Ɗana, Asabar mai zuwa da wane lokaci za ka bi?"

Na ce, "Baffa, don me?"

Ya ce, "Don in tsare su a tudu sai ka wuce. Hanyar ba ta ɗaukarmu mu biyu."

Ba gatse yake yi ba, da gaske yake tambaya. Na so in ce na daina bi, na so in ce a yafe mini, amma abin da ya fito shi ne, "Wajen ƙarfe bakwai." Ya ce Allah ya kai mu, ya juya ya bi shanunsa.

Asabar ta zo. Na idar da salla na zauna a bakin gado, na ƙudurta ba inda za ni, na gama da burtalin nan har abada. Bakwai saura kwata sai abin ya faɗo mini: Baffa ba ya riƙe waya, kuma in ya ce zai jira, to zai jira. Yanzu haka yana tsaye a kan tudu da garke guda masu jin ƙishirwa, yana duban hanya. In na je, na tsayar da Baffa da shanunsa don in yi wasan keke. In ban je ba, suna nan tsaye har rana ta take.

Na tashi na ɗauki hular.